Ƙullin Yakuba a Gonar Tassa

Tun shekarar da aka kafa lasifikokin gargaɗi a ƙauyuka bakwai na bakin kwari, Malam Alhasan bai taɓa yarda ruwan farko ya sauka ba sai ya ji muryar kowane ƙauye da kunnensa. Haka ya taras wajen wanda ya koya masa aikin, haka kuma ya riƙe. Kowace Laraba da hantsi yakan zauna a buro, wato ofishinsu, a Konni, ya ɗaga kan tarho ya kira ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya, mai tsaron kowane turken lasifika ya amsa. Wayar da ke ɗaukar muryar ta zaren gilashi ce, binne a ƙasa: ta fita daga buro, ta zagaye ƙauyukan kamar zobe, sannan ta komo. Hikimar zoben ita ce, in waya ta tsinke a wuri guda, sai murya ta juya ta bi ɗaya hannun.

Larabar da ya dawo daga hutun wata guda, ƙauyuka shida suka amsa, Rafin Tsamiya ya yi shiru. Shi ne kuwa ƙauyen da ya fi nutsewa cikin kwari, inda ruwan da aka sheƙa a tudun Illela kan iso da gudu alhali rana tana bisa kan mutane, mata na cikin lambunsu. Ga shi kwana uku ke nan hadari na haɗuwa a gabas.

Ya ɗauki na'urar da ke aika haske cikin waya ta faɗi nisan inda hasken ya tsaya, ta kai shi gindin wata gada inda masu gyaran hanya suka sari wayar ba su sani ba. Kafin azahar ya haɗa ta, ya kira Rafin Tsamiya, aka amsa. Faruk, shugaban buron, ya yi hamdala ya ce aiki ya ƙare. Amma wata 'yar fitila a jikin akwatin buro tana nan ja. Faruk ya ce mako uku ke nan tana haka kuma kowane kira yana wucewa, don haka suka ɗauka ita ce ta lalace. Malam Alhasan ya amsa masa cikin ladabi cewa tun da yake aikin nan bai taɓa ganin ƙauye ya yi shiru da tsinkewa ɗaya ba, sai biyu. Ya gyara ta biyun ne. Ta farkon tana can kwance, kuma muddin tana can, sara guda ya isa ya sake rufe bakin Rafin Tsamiya.

Ya auna daga ɗaya hannun, ya hau babur. Lissafin na'urar ya sauke shi a tsakiyar wata gona a gefen Rafin Tsamiya da aka cika da ramukan tassa, waɗanda ake haƙawa da rani a zuba taki don su riƙe ruwa. Mai gonar, Yakuba, taubashinsa ne, kuma tun daga nesa ya fara.

"Kai ɗan birni, mi kake biɗa cikin gonata? In taki ne, ban da na kyauta."

"Wayata nike biɗa, taubashi. Ga alama yunwa ta sa ka cinye ta."

Yakuba ya yi murmushin mai abin nunawa. Ya ja shi zuwa wani rami, ya tone taki da hannu, sai ga wayar an ɗaure bakinta biyu da ƙulli mai kyan gaske, an naɗe da tsumma. Ya ce dagi ne ya sare ta mako uku da suka wuce. Bai so ya wahalar da ma'aikata ba, sai ya yi mata ƙullin igiyar guga, irin wanda mahaifinsa ya koya masa, wanda shekara arba'in bai taɓa kwance masa ba. Larabar da ta biyo baya ya je gindin turke da kansa, ya ji muryar Faruk tangaram, sai ya tabbata ƙullinsa ya kama.

Malam Alhasan ya daɗe yana duban ƙullin, don shi mutum ne mai girmama aikin hannu. Sannan ya bayyana masa cewa haske ne ke tafiya cikin zaren, kuma haske ba ya bin ƙulli; muryar da ya ji ta zagayo ne ta hanyar gada, kamar yadda amalanke kan bi ta Tsarnawa in hanyar kwari ta cika.

"Ashe dai ƙullina banza ne?" in ji Yakuba.

"Da ba ka ƙulla ba, da yanzu ina tonon ramukanka ɗari uku ina biɗar baki biyu. Riƙe mini tabarmar nan, kada ƙura ta shiga."

A inuwar gawo ya fere zaren biyu, kowanne bai kai kaurin gashi ba, ya sa su a na'ura ta narkar da su suka zama ɗaya. Sannan ya yi abin da aka koya masa tun farko: ya buga wa Faruk ya roƙe shi ya cire wayar hannun gada da gangan, ya kira Rafin Tsamiya. Daga inda suke zaune suka ji lasifika ta ɗauka, mai tsaro ya amsa. Da aka mayar da wayar, Faruk ya ce fitila ta koma kore.

Ran Juma'a bayan la'asar ruwa ya sauka a tudun Illela. Malam Alhasan ya ɗaga tarho ya yi sanarwa sau uku, kamar yadda aka saba, mata suka fito daga kwari da kwandunansu da awakinsu tun ruwan bai iso ba. Ƙullin yana rataye a bangon buro, inda Malam Alhasan kan nuna shi ga duk wanda ya ce fitila ce ta lalace. Yakuba kuwa ya kafa duwatsu bisa layin wayar, yana gaya wa kowa cewa ta gonarsa murya ke bi.