Ruwan Wankin Shinkafa

Joynal mai kwalekwale bai taɓa buɗe baki ya ce "ban sani ba". Ya san kogi, ya san kifi, to wai har ciwon ciki ma ya sani.

Ranar da gudawa ta kama matarsa Amiron, da hantsi ya leƙa kaskon da take zagayawa a ciki. Abin ya fito fari, tsululu, sak ruwan da ake tsiyayewa in an wanke shinkafa. Sai hankalinsa ya kwanta. Ai duk wanda ya tashi cikin shinkafa ya san in ka ga wannan ruwan, datti ne ke fita.

"Uwar Tuni, cikinki ne ke wanki. Ki bar shi ya gama."

"Baban Tuni, ƙishi nake ji. Ka kai ni asibiti ƙetare."

"Ke kullum ƙetare! In kin sha ma fita zai yi. Ki daure."

Asibitin yana hayin kogi, tuƙin da bai kai awa guda ba. Gogan naka ya ɗauke tulun ruwa daga kusa da ita, ya zauna ɗinkin komarsa ta kamun kifi.

Da la'asar idanunta suka faɗa, yatsunta suka yamushe, murya ta ɗauke. Sai a lokacin ya sungume ta ya sa a kwalekwale. Ya yi tuƙin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, amma kafin a samu jijiyar ƙarin ruwa a asibitin, Amiron ta cika.

Rokeya, ma'aikaciyar jinyar, ta saurari bayaninsa har ƙarshe.

"Baba, ba wanki ba ne, kwalara ce. Ƙwayar cutar dafi take zubawa a hanji, hanjin ya yi ta ambaliya, ya kwashe ƙananan halittun da ke gadin cikin tun asali. Ita kuwa ta manne, ta samu fili, ta yi ta hayayyafa. Kanta take share wa wuri."

"Da na kawo ta da hantsi fa?"

Rokeya ta sunkuyar da kai. "Ko ruwan gishiri da sukari ka yi ta ba ta, Baba..."

Bayan sadakar arba'in, 'yarsu Tuni ta zo daga gidan mijinta duba shi. Ya zubo mata shinkafar da ya dafa da kansa. A lomar farko ta tauna tsakuwa.

"Haba Baba, ka wanke ta kuwa?"

"A'a," ya ce, ya kawar da kai. "Ba na iya kallon ruwan."