Matsa Gefe, Gwaggo

Duk unguwa an san Gwaggo ce ta fara sabulun nan mai ƙamshin lemo, a bayan ɗakinta, cikin wata tsohuwar tukunya da ta rasa kunne ɗaya. Da abin ya karɓu sai mijin 'yarta ya shigo da takardunsa, aka kama shago, aka sayo inji, aka liƙa wa sabulu suna mai wuyar faɗa. Shi kuma ya zama Manaja, har matarsa haka take kiransa.

Mai ɗaukar musu hotunan talla kuwa ɗan ƙaninta ne, Dogo, wanda a bayanta ya yi wayo. In ya dawo daga aikin taron kamfanoni, ɗakinta yake fara shiga, ya miƙe ƙafafunsa har bakin ƙofa, ta ce, "To maza zuba, wa aka yanke yau?"

Don Dogo ya taɓa tona mata asirin sana'arsu. In masu kamfani ba sa son mutum a hoto, ba korarsa ake yi ba. Lallaɓa shi ake, a ce ya matsa gefe wai haske ya fi kyau a can, a bar taku ɗaya tsakaninsa da sauran. In an koma gida a datse gefen, ba wanda zai ce an taɓa tsayuwa a wurin. Gwaggo ta sha dariyar wannan har da riƙe ciki. Matar wani shugaba ma da aka datse, sai da labarinta ya zaga gida biyar ta bakin Gwaggo.

Da aka sa ranar ƙaddamar da sabon kwalin sabulu, Manaja ya ce hoton ranar ne za a kafa a babban allo bakin titi. Gwaggo ba ta bar kowa ba. Tela ta sani, mai kitso ta sani, har mai gyaran famfo sai da ya ji cewa fuskarta za ta hau allo.

Ranar kuwa zauren otal ya cika. Fitilu a kan dogayen ƙafafu, wayoyi kwance a ƙasa an danne su da baƙin tef, an jera sabulu hawa hawa a kan tebur mai farin ƙyalle. Ga wata yarinya 'yar talla da aka ɗauko, fata sumul, wadda da gani ko kwano ba ta taɓa wankewa da sabulun ba. Dogo na ta kai da kawo, kamara ɗaya a wuya, ɗaya a hannu, yana durƙusawa yana miƙewa.

Aka kira babban hoto. Gwaggo ta gyara ɗaurin kai ta shige tsakiya, kusa da tebur, kafaɗa da kafaɗa da 'yar talla. Dogo ya leƙa kamara, ya ɗago, ya kalli Manaja. Manaja ya sosa hanci.

"Gwaggo," in ji Dogo, muryarsa kamar ta mai lallashin yaro, "ɗan matsa gefe. Haske ya fi kyau a can."

Sai da ta ji kunnenta ya yi ɗum. Ta dube shi, ya mai da ido kan kamara yana murɗa abin da ba ya bukatar murɗawa.

"Wane gefen, ɗan nan?"

"Can ƙarshe. Ki ɗan bar fili kaɗan."

"Taku ɗaya?"

Ya ɗaga kamara ya kare fuskarsa da ita. Mutane na jira, murmushinsu ya fara bushewa a fuska. Ta taka a hankali ta koma ƙarshen layi, amma da ta isa sai ta miƙa hannu ta damƙe hannun rigar na kusa da ita, wani mai rarraba kaya, ta riƙe gam. A ranta ta ce to a datse mu gani.

Dogo ya taho kamar zai gyara mata mayafi, ya sunkuyo daidai kunnenta. "Gwaggo, don Allah ki saki. Ko kin riƙe, kwamfuta na gogewa. Aiki kawai za ki ƙara min."

Nan hannunta ya saki da kansa. Wato har lissafin aikin goge ta ya riga ya yi. Aka ƙirga, fitila ta walƙa, kowa ya tafa.

Allo ya hau bayan mako. 'Yar talla a tsakiya riƙe da sabulu, Manaja na washe haƙora, layi ya ƙare cif a kafaɗar mai rarraba kaya. Mai kitso ta aiko a tambaya ko allon Gwaggo daban za a kafa. Gwaggo ta ce a gaya mata kanta na ciwo.

Da yamma sai ga Dogo da hoto cikin firam, cikakke, ba a datse ba. Ya tsaya bakin ƙofa, bai miƙe ƙafa ba.

"Na wanko miki na asali. Wallahi ba ni ba ne, Manaja ne ya ce masu saye matasa suke son gani."

"Shi suruki ne, ai ban goya shi ba." Ta karɓi firam ɗin, ta daɗe tana kallon kanta can a ƙarshe ita kaɗai. "Da ka zo tun kafin ranar taron ka ce Gwaggo kar ki je, da na zage ka na huce. Sai ka bari na ɗinka kaya."

"Kunya na ji."

"A'a, ka dai iya aiki." Ta miƙa masa firam ɗin. "Ka ji daɗinka, mai hoto ba ya cikin hoto, balle in samu inda zan datse ka. Kai wa Manaja ya rataya a ofis."

Ya tsaya riƙe da shi, yana ta jujjuyawa. Ta jawo rediyonta ta ƙara murya.