Tudun da ke Sauka

Dogo ya ƙare ƙuruciyarsa a wani ɗakin bincike mai taga ɗaya, yana kiwon abin da ido bai taɓa gani ba. Aikinsa rubuta manhajar da ke kwaikwayon yadda ilektiron, ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, ke zama idan sun cunkushe a cikin ƙarfe. Su kuwa ba su da kirki, ka ƙara guda ɗaya lissafi ya ninka. Ba kwamfutar da za ta iya ɗauke shi duka, don haka manhajar takan riƙe manyan lambobi ta zubar da ƙanana. Kowa a sana'ar haka yake yi.

Bara sakamako ya fito masa da wani tudu a kan zanen da manhajar ke fitarwa, alamar ilektiron sun kama hannun juna bibbiyu, suna gudu ba tangarɗa. A kan tudun nan ya ɗora digirinsa kacokan. Matarsa har ta fara kiransa Dakta tana dariya.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wata safiya ya rage yawan abin da ake zubarwa, don dai ya ƙara tabbatarwa. Tudu ya ɗan sauka. Ya sake ragewa, ya sake sauka. Inda kwamfutarsa ta gaza nan ya tsaya, saura ɗan kumburi kamar cizon sauro. Ya gane zubarwar ce ta haifi tudun, ƙarfe bai san da shi ba. Tsoro ya hana shi faɗa wa kowa.

Ana nan sai Farfesa, mai duba aikinsa, ya faɗo ɗakin baki har kunne.

"Albishirinka! An ba mu babbar kwamfutar cibiya. Yanzu kam ba sai ka yi ta zubarwa ba."

"Ranka ya daɗe, da dai an bari sai na kare digirin tukuna."

"Haba Dogo, ana ba ka kana noƙewa? Ai na riga na ɗora manhajarka, tana kan aiki. Na ma gaya wa masu jarraba ka su zo su gani da idonsu."

Ya dafa kafaɗarsa ya fita yana fito.

Dogo ya zauna gaban allo, fankar sama na ƙara, lambobi na hawa a hankali. Da a ce manhajar na da kuskure, da ya sa rai ko kaɗan cewa tudun zai tsira. Amma shi ya rubuta ta layi bayan layi, ya kuwa san ba ta ƙarya.