Hannuwan Jaji

Bayan sallar lisha Malam Sadisu ya fara jin ƙarar ta bayan katanga: sharr, ƙwas, sharr, ƙwas. Ya ɗauka ɓera ne a rumbu. To amma ɓera yakan tsaya ya saurara, wannan kuwa ba ya tsayawa.

Da safe ya leƙa gidan maƙwabcinsa Jaji, wanda aka maido Kankiya ba lafiya bayan ya daɗe yana aiki a wani kamfanin taliya a Kano. Ya tarar da shi kwance kan tabarma, ido rufe, hannuwa na ta tafiya. Dama ta miƙa ta ɗauko abin da babu, hagu ta danna, dama ta tura, gaɓɓan yatsu su bugi bango. Har ƙasar wurin ta lotsa.

"Kai Jaji, saƙa ka koma da tsufanka?"

Jaji ya yi murmushi. Ya ce wani yaro mai gilashi ne aka kawo musu kamfani, ya riƙa tsayawa bayansu da agogo yana ɗaukar hoton hannuwansu in suna jera taliya a kwali. Ya zana musu sawu da fenti a ƙasa, inda kowa zai taka. Ya hana waiwaye, ya hana share zufa, ya ce duk motsin banza ne. A cikinsu Jaji ya fi kowa iyawa, har hannuwansa ake nuna wa sababbin ɗauka a allo.

"Hannuwan nan sun koya, sun ƙi mantawa," in ji shi. "Ko shafa addu'a ba sa bari na in yi. Ina jin tsoro, Malam, lokaci ya zo in nemi ɗaga yatsa ɗaya, ya ƙi."

Matarsa Kubura ta ce ta gwada ɗaure su da ɗankwali, sai ya kwana yana nishi kamar an danne masa ƙirji. Likita ya ce jijiya ce. 'Yan uwansa na Kusada suka ce iska.

Daga ranar Malam Sadisu ya ɗauki zaman a kansa. In ya dawo gona sai ya zauna ya kama wuyan hannuwan Jaji. Ya lura in ya danne, sun fi ƙarfinsa. Sai ya koma yana bin su, ya miƙa tare da su, ya tura tare da su, yana rage musu sauri kaɗan-kaɗan kamar mai lallashin jaki a bakin kwazazzabo.

Ranar Laraba da la'asar numfashi ya fara sama. Malam Sadisu yana riƙe, yana laƙƙana masa kalmar shahada. Hannun dama ya miƙa, ya tsaya a tsakiyar hanya. Manuniya ta rabu da 'yan uwanta, ta tashi tsaye. Kubura ta rufe fuska da mayafi.

An kai shi kafin magariba.

Kashegari ana zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, liman ya ja addu'a, kowa ya shafa. Babba mai faci, da ke gefen Malam Sadisu, bai sauke idonsa daga cinyar dattijon ba. Can ya matso, ya rage murya.

"Malam Sadisu, me kake jerawa haka?"