Rumbu da Yankan Riɗi

Yayana Jibrin zai iya yini yana gyara wa mutum kwamfuta kyauta, amma ka ce ya tsaya ya yi bayanin kansa, sai gumi ya karyo masa. Wannan hali nasa ya kusa cinye mana Rumbu.

Rumbu tsarin sarrafa kwamfuta ne da shi da abokinsa Faisal suka haɗa. A shekarun nan na takunkumi, in ka je sauko da manhaja daga waje sai a rufe maka ƙofa don kawai kana Sudan. Sai suka ɗauki wani babban tsari da ake bayarwa kyauta, wanda kowa ke da damar gyarawa, suka rage masa nauyi, suka sa masa Larabci da haruffanmu na Hausa masu lanƙwasa. Tsofaffin kwamfutocin da nake koya wa mata bugun rubutu da su a shagona na kasuwar Gadarif duk da shi suke numfashi.

To amma Rumbu reshe ne, uwar tsarin tana da majalisarta, mutanen da ke warwatse a duniya. Su Yaya suka nemi majalisar ta ba Rumbu matsayin kulawar dogon zango, wato shekara uku ana toshe masa duk ɓarakar da ta ɓullo ba sai an sake ɗora shi ba. Sharaɗin ɗaya ne: a samu mai amsa kira duk tsawon shekara. Kafin zaman majalisar kuma suka aiko da tambaya: me ya sa kowace shekara kuke ɓacewa wata biyu, ko tari ba a ji?

Amsar riɗi ce. Gonar Babanmu, Malam Rufa'i, tana Simsim, inda waya ba ta kamawa, riɗi kuwa in ya nuna ba ya jiran kowa. Ka yi sanya ya fashe ya zube a ƙasa. Yaya ne ke tsayawa kan masu yanka tun da gwiwar Baba ta fara ciwo, Faisal ma yana can gonarsu a Fashaga.

Yaya ya yanke cewa bana zai zauna a gari. Da ya gaya wa Baba, Baba ya ce, "Allah ya zaɓa mafi alheri," ya ci gaba da shan kofinsa. Ni dai na san Baba, da faɗa ya yi da ya fi sauƙi.

Ranar zaman muka rufe shago bayan la'asar. A rubuce ake tattaunawar ta intanet, da Turanci, ni ce mai bugawa don na fi su sauri. Shugabar zaman, wata mata mai suna Sara, ta maimaita tambayar.

"Lauratu, rubuta musu matsalar shabaka ce, intanet ne babu," in ji Yaya. "Ki ce an gyara, bana ina gari, halas, shi ke nan."

"Yaya, ka bar Baba shi kaɗai a mashru, can gona, da wannan gwiwar? Shekara uku?"

"Ya bitti, ƙanwata, mutanen nan injiniyoyi ne. In ce musu na tafi yankan riɗi? Su ce manoma ne ke wasa da jihaz, da na'urar masu ilimi!"

Raina ya ɓaci sosai. Riɗin nan shi ya kai shi jami'a, yau shi ne abin kunya? Na ce, "Wallahi ba zan buga ƙarya ba. In kana so, ga kujera."

Bai zauna ba. Ya dubi Faisal, Faisal ya dubi silin kamar an rubuta masa amsa a can. Sai na buga gaskiya: lokacin kaka ne, dukansu biyun suna gona, babu hanyar sadarwa, kuma haka zai kasance kowace shekara.

Yaya ya dafe kai. Ni kuma na fara tunanin yadda zan riƙa sake ɗora wa kwamfutoci tsari kowane 'yan watanni da wannan intanet ɗin namu mai tafiyar hawainiya.

Can Sara ta rubuto: "To me ya hana ku sanar? Mu mun ɗauka aikin mutuwa yake yi duk shekara, ya farfaɗo."

Na fassara. Yaya ya ɗago da mamaki na gaske a fuskarsa. "Sanar da me? Akwai wanda bai san lokacin hasad ba, lokacin girbi?"

Nan dariya ta ƙwace mini. A Gadarif ko biki ba a sawa a wannan lokacin, shi ya ɗauka haka duniya take.

Sai wani mai kula da wani reshen daban ya rubuta cewa shi watannin nan biyu ba shi da aiki sosai, zai riƙe Rumbu. Wani ma ya ce a sa shi, amma su Jibrin su riƙe masa nasa a ƙarshen shekara, lokacin da yake tafiya wurin iyayensa.

Faisal ya miƙe tsaye. "Ya zol, mutumina, wannan ai nafir ne! Gayya suka yi mana!"

Aka kaɗa ƙuri'a. Sunaye suna fitowa, kowa da amincewarsa, har Sara ta rufe zaman da cewa Rumbu ya samu shekara uku. Yaya ya zame ya zauna a ƙasa yana ta alhamdulillahi, idonsa ya yi ja.

Da muka koma gida mun tarar da Baba a ƙarƙashin rumfa yana shirin alwalar magariba. Yaya ya durƙusa ya fara bayani tun daga majalisa, da reshe, da ƙuri'a. Baba bai fahimci ko rabi ba, bai kuma yi kamar ya fahimta ba.

"Jibrin, bar wannan. Za ka zo Simsim ko ba za ka zo ba?"

"Zan zo, Baba."

Baba ya ajiye butar a hankali, ya kau da fuska gefe. Sannan ya ce:

"Kwayyis, madalla. Dama ban gaya wa masu yanka ba ka zuwa ba. Na kasa."