Tsamiyar Gidan Barewa

Malama Basira ce ta fi kowa dagewa a zaɓi Nasiruddeen shugaban gidan namun dajin da ke bayan garin Dogon Dutsi, shi ya sa abin ya fi ci mata rai.

Gidan ba babba ba ne. Baba Ɗayyabu, tsohon ma'aikacin gandun daji, shi ya kafa shi da dabbobin da ake ƙwacewa hannun mafarauta: kura ɗaya, jimina biyu, birai, da garken barewa. Da tsufa ya kama shi, komai ya lalace. Kura tana cikin kejin da ko juyawa da ƙyar take yi. Basira, wadda ke koyarwa a lakwal kuma take cikin kwamitin gidan, takan kawo ɗalibanta su koma suna toshe hanci. Da Nasiruddeen, matashin ɗan kasuwa mai sayar da kayan babur, ya ce zai rushe kejin nan ya faɗaɗa wa kowace dabba wuri, gida-gida ta bi ƴan kwamiti har ya ci.

Da farko ya cika alkawari. Kura ta sami fili da rami, birai suka sami itacen hawa. Basira har gori take yi wa waɗanda suka ƙi shi.

A gefen filin barewa, dab da wayar shinge, akwai tsohuwar tsamiya, wadda inuwarta ta isa garken duka. Wasu mata daga Tibiri da Gesheme sun ce aljana Doguwa na zaune cikinta, sukan zura hannu ta waya su aje ƙwai ko gumba a gindinta. Basira ba ta yarda da wannan ba, ta sha yi musu nasiha.

Ran nan, tsakiyar bazara, ta zo da ajinta. Tun daga ƙofa ta ga hasken wurin ya sauya. Babu tsamiya, sai kututture fari fat da rassa jibge a gefe. Bareyin sun manne da katanga, suna rububin inuwar da ba ta fi tafin hannu ba, bakinsu a buɗe.

Ta bar yara wajen mai gadi, ta faɗa buron Nasiruddeen, wato ofishinsa, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Wa ya ba ka izinin sare ta?"

"Malama, zauna mana. Shirka aka yi a gindinta. Ni ba ni shugabancin wurin da aka bauta ma itace."

"Itacen ne ya yi shirka, ko mutane? Ka ja waya nesa da ita, ka yi musu wa'azi, ni ma in taya ka. Bareyi mi sunka yi maka?"

"Zan yi musu rumfar kwano."

"Kwano! A ranar Dogon Dutsi? Gasa su za ka yi?"

Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Ban san ke ma kina jin zafin Doguwa ba."

Maganar ta soke ta har ƙashi. Ita da ta rabu da gwaggonta shekaru saboda ta ƙi zuwa wasan bori, yau ita ake yi wa wannan shaguɓe.

Kwanon bai zo ba. Kafin mako ya zagayo, wata barewa mai ciki ta faɗi jikin katanga, ba ta tashi ba. Basira ta matsa aka kira taron kwamiti. Ta zaci kowa zai tashi da faɗa, sai ta ga dattawa suna kallon takalmansu. A waje duk sun ce mata an yi ɓarna, amma a ciki babu mai son a ce shi ne lauyan iskoki. Baba Ɗayyabu, da aka kawo shi a bayan babur, ya buɗe baki zai yi magana, hawaye suka riga shi.

"In aikin ya fi ƙarfin zuciyarki, kina iya aje shi," in ji Nasiruddeen.

"Ni na kawo ka, ba kai ka kawo ni ba. Ba ni tahiya ko'ina."

Ta koma gida. Mijinta Idris ya saurare ta har ta gama, sannan ya tafi wajen ƙaninsa ya aro amalanke. Suka kwaso karan gero da zana da ƴan sanduna, suka kafa rumfa a filin barewa, rana na dukansu. Matan unguwa na wucewa suna ƙus-ƙus, wai Malama na gina wa Doguwa sabon ɗaki. Ta ji su, ba ta ɗaga kai ba. Tun ba su gama ɗaure zana ta ƙarshe ba dabbobin suka shige ƙarƙashi suka kwanta.

Bayan ƴan makonni wasu manyan baƙi na gwamnati suka zo daga Dosso duba gidan. Nasiruddeen ya sha shadda, yana zagayawa da su. Da suka iso rumfar ya nuna ta da alfahari.

"Wanga shi ne sabon tsarinmu, inuwa da kayan gida."

Baƙin suka gyaɗa kai, ɗaya ya ɗaga salula zai ɗauki hoto. Basira ta ratso ta tsakiyarsu, ta je ta tsaya kan kututturen.

"Ranku shi daɗe, ku ɗauka da wanga. Tsamiya ce, ta girmi kakan kowa a nan. Shugaba ya sare ta bai shawarci kowa ba, barewa ta mutu da ciki. Rumfar kuwa karan mijina ne."

Babba cikin baƙin ya juya ya dubi Nasiruddeen, ya ce yana son a sake kiran kwamiti kafin su koma, kuma kowa ya faɗi abin da ya gani. Dattawan kwamiti da ke wurin suka shiga gyaran murya. Basira ta sauko, ta kaɗe zanenta, ta riga kowa shiga ɗakin taro ta zauna a kujerar gaba.