Sawun Fensirin Mama

Shekara talatin da ɗaya Lieve Claeys ta yi tana gugar mujallu a ɗan shagonta da ke bayan Kasuwar Juma'a ta birnin Gent, amma har gobe in ka kira ta mai guga sai ta sha kunu. Guga na masu wanki ne, in ji ta, ita lallashin takarda take yi. Masu tara tsofaffin mujallun zane-zane ne ke kawo mata kayansu, wanda ya lanƙwashe, da wanda wani yaro ya kwana a kai shekara hamsin da suka wuce. Sai ta sa mujallar a akwatin danshi har takardar ta saki jiki, sannan ta shimfiɗa ta tsakanin faranti biyu masu ɗumi ta matse. Bayan kwana biyu ta fito sumul. Daga nan sai hannun Staf Goethals, tsohon da ƙungiyar masu tarawa ta yarda ya ba da maki daga ɗaya zuwa goma, ya rufe mujallar a akwatin roba mai garai-garai, ba a ƙara taɓa ta da hannu.

Doka ɗaya gare ta da ba ta taɓa karyawa ba. Kafin kowace mujalla ta shiga danshi, sai ta ja labule ta kwantar da tocila a gefen bangon, hasken ya bi ta kwance. A haka duk wani ɗan rami ko sawu da ke jikin takarda yake tona kansa. Ta koya wa mutane da yawa wannan dokar, kuma da faɗa ta koya musu.

Ranar wata Talata da hantsi ƙanwarta Rika ta banko ƙofa, lema na ɗigar ruwa, jaka a hammata. Wata huɗu ke nan da rasuwar mahaifinsu, Rika ce ke fama da kwashe kayan gidan, tana yi tana mita.

"Ke kina nan kina shafa takardu, ni an bar ni da ƙura da kashin ɓera. Ungo. A durowar kicin na same ta, ƙarƙashin takardar shimfiɗa. Saura kaɗan in haɗa da shara."

Lieve ta zaro abin da ke cikin jakar, sai ta nemi kujera ta zauna. Fitowa ta farko ce ta wata tsohuwar mujallar mako-mako, ta yarinya mai tuƙa kwalekwale da akuyarta. Ja yana nan jajir, shuɗin sama yana nan fes, ƙusoshin tsakiya ko tsatsa babu. A duk shekarunta na sana'a sau uku ta taɓa riƙe irinta, dukkansu kuma sun sha jiki.

"Tawa ce," ta ce a hankali. "Wadda Mama ta ƙone."

"To ga shi ba ta ƙone ba. Ni na tafi, na bar mota inda ba a ajiyewa."

Lieve tana da shekara takwas aka ƙwace mujallar. Ta ɓoye ta a cinya tana karantawa ana cin abinci, har miya ta huce. Mama, mace mai kaifin baki wadda ba ta taɓa janye maganar da ta furta ba, ta fizge ta, ta ce wannan shirmen ba zai sake shigo mata gida ba, ta nufi kicin inda murhu ke ci. Lieve ta yi kuka har muryarta ta dushe. Amma ranar Larabar da ta biyo, sai ga fitowa ta biyu a ƙarƙashin matashinta. Haka aka yi ta yi kowace Laraba har shekara goma, har ta tafi karatu Antwerp. Ta san aikin Papa ne, wa kuma zai yi? In ta rungume shi ta raɗa masa godiya, sai ya yi gyaran murya ya dubi ƙofar kicin, ita kuma ta ɗauka tsoron Mama yake ji. A haka ta girma, Papa nata ne, Mama kuwa ta Rika ce. Da Mama ta rasu shekara ashirin da suka wuce Lieve ta yi kuka, amma kukan da ya kamata ne kawai, kuma wannan ya daɗe yana damunta.

Ranar Asabar ƙungiya za ta yi bajekolinta na shekara. Lieve ta riga ta hango mujallar a teburin tsakiya da lamba tara a goshin akwatinta, ta hango fuskokin tsofaffin nan masu kuri da kayansu. In ta fara yanzu, ranar Alhamis ta fito daga matsi. Doki ya ɗebe ta. Ta kalli yarinyar, ta kalli akuyar, ta ce a ranta ai ta san kowane lungu na wannan bangon. Ba ta ja labule ba, ba ta ɗauki tocila ba. Ta sa ta a akwatin danshi ta rufe gilashin.

Ƙarfe goma sha ɗaya Staf ya shigo shan kofi kamar kullum, da biskit biyu a aljihu, ɗaya nasa, ɗayan ma nasa. Ya leƙa akwatin, ya cire hula.

"Lieve, wa kika kashe kika samo wannan?"

"Rufe bakinka kar haƙoran su faɗo. Nawa za ka ba ta?"

Ya sunkuya ya karkata kai, daidai lokacin da rana ta ɗan leƙo ta taga. "In kin gama da ita, tara. Hannuna na rawa zan rubuta, amma tara. Wannan ɗan sawun rubutun ne kawai, shi ma ga shi danshi ya fara cinye shi. Matsi ɗaya ya tafi."

"Wane rubutu?"

"A sararin sama mana, saman kan akuyar. Wani ya ɗora takarda ya yi rubutu a kai, fensirin ya dasa." Ya ɗago ya dube ta, dariya na cinsa. "Kar ki ce mini ba ki haska ba. Ke? Ke da kika kori ɗan mutane daga shagon nan saboda tocila?"

Lieve ta dubi akwatin. Mutum ɗaya ne yake rubutu a teburin kicin ɗin gidansu, kuma mutum ɗaya ne yake danna fensir kamar yana faɗa da shi. Mama ba ta rubuta wasiƙa, katin biki ma Papa ke sa hannu a madadinsu. Jerin cefane kawai take rubutawa, in ta dawo daga kasuwa ta jefa a murhu. A duk gidan da Rika ke kwashewa babu layi ɗaya na hannunta.

Lieve ta buɗe gilashin da sauri. Minti arba'in mujallar ta yi a ciki, takardar ta yi laushi, ta fara kumbura tana cike ramukan da kanta. Ta ɗauko ta a tafin hannu biyu ta kwantar a tebur.

"Ja labule, Staf."

"In kika tsaya yanzu za ta bushe da lanƙwasa, kin sani. Ba matsi, ba tara."

"Na ce ka ja labule, tsoho."

Ya ja. Ta kwantar da tocila a gefen bangon. Shuɗin sama ya cika da ƴan inuwoyi, dogayen haruffa masu jingina dama kamar masu sauri. Layi biyu na sama sun riga sun tafi, sai wutsiyoyinsu. Lieve ta ji kamar ta mari kanta. Shekara hamsin da takwas rubutun nan yana kwance a duhu lafiya lau, ita gwanar ce ta zo ta fara cinye shi a minti arba'in.

Ta karanta sauran a fili, tana matsar da hasken kaɗan-kaɗan. "Dankali. Sabulu. Zaren ɗinki, baƙi. Man shanu, biyu." Ta tsaya. An soke biyun da layi mai zurfi, an rubuta ɗaya a gefe. A ƙarƙashinsa kuma, a layin ƙarshe, inda fensirin ya fi dasawa, kalma uku ne.

Staf ya gyara tabarau. "Me ya ce?"

"Ta Lieve, Laraba."

Taragon lantarki ya wuce a bakin kasuwa. Staf bai san labarin ba, amma ya shekara talatin yana shan kofi da matar nan, bai taɓa ganin takarda ta taɓa mata zuciya haka ba. Ya zaro biskit na biyu ya ajiye a gabanta, abin da bai taɓa yi ba.

Ita kuwa teburin safiya take gani. Papa yana shafa man shanu a burodinsa, an shafa mata, an shafa wa Rika. Mama tana tsoma nata busasshe a kofi, in an miƙa mata man ta ture ta ce yana tayar mata da zuciya. Da gyaran muryar Papa, da yadda yake duban ƙofar kicin. Ashe ba tsoro ba ne, kunya ce ta mutumin da ake yi wa godiyar abin da ba shi ya yi ba.

"To," Staf ya ce, "har yanzu in kin mayar da ita za ta yi tara. Gaskiya ce, dole in faɗa."

"In ban mayar ba fa?"

"Da sawu a bango, ga lanƙwasar danshi? Biyar. Don ke ce ma."

"Kar ka yi don ni. Rubuta abin da ka gani."

"Huɗu da rabi."

"Mugu." Ta share ido da bayan hannu, nesa da takardar. "Rubuta. Kuma ba za ka rufe mini ita a roba ba, ba za ta je bajekoli ba. Su Asabar su ci kansu."

Ta shimfiɗa mujallar a kan takarda mai shan ruwa, ba ta ɗora mata ko nauyin allura ba, ta bar ta ta bushe yadda ta ga dama. Gefen bangon ya fara ɗagowa a gaban idonta. Ranar farko ke nan da ta kalli takarda tana lanƙwashewa ba ta ji ƙaiƙayi a hannu ba.

Abu ɗaya ya rage mata. Ta san kanta, in ba ta tambaya ba, zuwa gobe za ta shawo kan zuciyarta cewa jeri ɗaya ne, mako ɗaya ne, tausayin rana ɗaya. Ta ɗauki waya.

"In kin kira ne ki ce za ki zo taya ni, bari in zauna kar in faɗi," in ji Rika.

"Zan zo. Rika, tambaya ce. Mama tana cin man shanu?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Mama? Matar da ke lafta shi kaurin yatsa, har likita ya yi ta faɗa?"

"Ai cewa take yana tayar mata da zuciya."

"Da can ke nan, muna yara. Ta warke." Rika ta kwashe da dariya. "Ke ba kya nan, shi ya sa. Makon da kika tafi Antwerp, ranar Laraba ma, ban manta ba, ta dawo daga kasuwa da dunƙule biyu, ta zauna ta shafa ta ci yanka uku, hawaye na zuba a kofinta. Ni da Papa muka yi ta tsokanarta, wai ashe ke ce ciwon cikin nata. Lieve? Kina ji na?"

Lieve tana ji. Ta dubi layin ƙarshe, wanda ya tsira, ta ji son matar nan ya taso mata gaba ɗaya, na shekara hamsin da takwas, ba inda za ta kai shi.

"Ina ji," ta ce. "Kar ki zubar da durowar. Ki jira ni, akwai abin da zan haska miki."